Yadda muka fito daga Saudiyya da afuwar 2017, tun daga neman takarda har saukarmu Kano

Tun da na dawo gida, da wuya wata ya wuce ba a kira ni daga Jidda ko Makka ba, ana tambayata yadda muka yi muka fito ba tare da an ɗaure mu ko an ci mu tara ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru. Afuwar da muka bi, wadda gwamnatin Saudiyya ta yi wa baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, ta riga ta wuce, amma an yi irinta a 2013 kafin tamu, kuma matakan kusan ɗaya ne. Ko wanda aka kama aka kai tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora gida, yau, tambayoyin da za a yi masa su ne waɗanda aka yi mana: wane ne kai, ta ina ka shigo, yaushe, kuma ina shaida.

A gidanmu mu huɗu ne, amma matsalarmu kashi uku ce. Ni na shiga da bizar Umara a azumin 2010, eja ya tattara fasfunanmu a masauki ya ce zai kai rajista, daga ranar ban ƙara ganin nawa ba. Maiɗakina ta biyo ni a 2011, ita ma da Umara, fasfonta na hannunta amma wa'adinsa na shekara biyar ya ƙare. Yaranmu biyu kuwa, haihuwar 2012 da 2015, a ɗaki ungozoma ta karɓe su, domin wanda ba shi da igama, wato katin izinin zama, ba ya kusantar asibitin gwamnati sai ciwo ya fi ƙarfinsa. Su ba su da ko guntun takarda, ba a san da zamansu a littafin kowace ƙasa ba. Wanda zai bi wannan hanya ya fara tantance a wane kashi kowane mutum na gidansa yake, don layin da kowa zai bi daban ne.

Zaman takari, wato zama a Saudiyya ba takarda, bai taɓa zama da sauƙi ba, amma daga 2013 abin ya canza kama. Bayan afuwar shekarar ta ƙare a farkon Nuwamba aka shiga kame gida-gida da shago-shago. A 2016 aka ce kowane layin waya sai an haɗa shi da hoton yatsa, mu da ba mu da igama muka koma riƙe layi da sunan wasu, muna biyansu. Hayar ɗaki da sunan wani, aika kuɗi gida ta hannun 'yan canji da yankan da suka ga dama. Ga farashin man fetur ya faɗi tun ƙarshen 2014, manyan kamfanonin gini sun sallami dubban ma'aikata, su ma suka shigo kasuwar aikin bayan fage, lada ya karye. Ni tela ne a shagon wani, ana biyana rabin abin da ake ba mai igama a kan ɗinki iri ɗaya, kuma ran da aka hana ni babu inda zan kai ƙara. Doka kuma ta tanadi tarar da ke iya kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin wata shida ga wanda ya zarce wa'adin bizarsa, wanda ya ba shi aiki ko masauki tasa tana kaiwa riyal 100,000. Wannan ne ya sa masu gida suka fara korar mutane tun kafin shurɗa, wato 'yan sanda, su zo.

A watan Maris na 2017 Yarima Muhammad bin Nayif, wanda a lokacin shi ne yarima mai jiran gado kuma ministan cikin gida, ya sanar da shirin da suka kira Waɗan bila Mukhalif, wato ƙasar da babu mai karya dokar zama. An ba da kwana 90 daga 29 ga Maris, wanda ya yi daidai da 1 ga Rajab 1438. Duk wanda ya fita da kansa a cikin wa'adin an yafe masa tara da ɗauri, kuma ba za a ɗauki yatsansa a matsayin korarre ba, ma'ana yana iya dawowa ta halastacciyar hanya. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin abin, don wanda aka kora ta tarhil ana rufe masa ƙofa na shekaru. Wanda ya shigo da bizar Hajji, Umara ko ziyara kuma fasfonsa na da rai, tikiti kawai zai saya ya nufi filin jirgi. Wanda igamarsa ta mutu, ko kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa, ya yi masa hurub, wato ya kai rahoton ya gudu, sai ya nemi rana ta intanet a shafin ma'aikatar cikin gida ya je sashen baƙi na jawazat, hukumar shige da fice ta ƙasar. Wanda ba shi da takardar tafiya ko kaɗan, sai ya fara da ofishin jakadancin ƙasarsa. Afuwar ba ta shafi mai shari'ar laifi a kansa ba, kuma ba ta goge bashin mutane ko tarar hanya ba.

Mako uku na farko na ɓata su a banza, kuma wannan ne babban kuskurena. A unguwa kowa da tasa: wasu su ce tarko ne, ka kai kanka a rufe ka, wasu su ce a jira, za a ba da igama kyauta ga waɗanda suka daɗe, wasu su ce a koma tsohuwar dabara, a je a kwana ƙarƙashin gadar Kandara da ke Jidda har mota ta zo ta kwasa a kai gida kyauta. A cikin wannan ruɗani wani mutum mai yawo da jakar takardu ya karɓi riyal 600 a hannuna, ya ce yana da hanya a ciki, zai kawo mana takardun mu huɗu cikin kwana biyar. Har yau bai kawo ba. Babu wani mataki a wannan tafiya da wani zai iya yi maka kana zaune a gida, domin kowanne yana buƙatar fuskarka da yatsunka.

A mako na huɗu, ranar Lahadi, na je ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda. A tuna cewa hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, don haka Lahadi ce ranar da ta fi cunkoso. Da na sani da Talata na je. Na isa bayan sallar asuba na tarar da mutane sun fi ɗari a gabana, mafi yawa mata, wasu da goyo, wasu tsofaffin da suka shekara talatin ba su ga gida ba. Mutanen da kansu suka buɗe takarda suna rubuta suna bi da bi, ni ne na 143. Ranar ban samu shiga ba, fom kawai na karɓa da bayanin abin da zan kawo: hotuna ƙanana masu farin bango, duk wata shaida ta zama ɗan ƙasa, da kwafin tsohon fasfo in akwai. Hotunan mu huɗu sun ci riyal 80. Abin da ake bayarwa ba sabon fasfo ba ne, takardar tafiya ce ta gaggawa, mai amfani sau ɗaya, zuwa gida kawai, kuma tana da wa'adi gajere. Saboda haka kada mutum ya karɓe ta alhali bai shirya tafiya ba, ta mutu a aljihunsa ya sake bin layi.

Na maiɗakina bai ɗauki lokaci ba, tsohon fasfonta ya wadatar. Nawa ne ya ja. Jami'in da ya yi mini tambayoyi dattijo ne, ya ce, "Malam, wace ƙaramar hukuma?" Na faɗa. Ya tambayi gundumarmu, sunan hakiminmu, kasuwar da ke ci kusa da mu da ranar da take ci, da makarantar firamaren da na yi. A lokacin raina ya ɗan sosu, na ga kamar ana tuhumata. Daga baya na fahimci dalili: Hausa ba ta nuna ƙasar mutum, a layin nan akwai 'yan Nijar, 'yan Cadi, 'yan Sudan da 'yan Kamaru, duk bakinmu ɗaya, kuma ofishin ba zai ba wanda ba nasa ba takarda. Abin da ya cece ni shi ne ƙanena ya binciko tsohon fayil a gida ya samo kwafin shafin farko na fasfona, wanda na yi kafin tafiya, ya ɗauki hotonsa ya turo ta WhatsApp tare da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Na buga su a shagon kwamfuta na kai. An kuma nemi mutum biyu masu igama da suka san ni su tsaya mini. Zuwa huɗu na yi kafin takardata ta fito, kwana goma sha ɗaya ke nan.

Maganar yara ita ce ta fi cin rai, kuma a nan na ga mata suna kuka a fili. Ba a sa yaro a takardar tafiya don kawai ka ce naka ne, kuma da gaskiyarsu, tunda ana safarar yara. An nemi shaidar aure da shaidar haihuwa. Aurenmu a gida aka ɗaura, babu takarda, sai da mahaifin maiɗakina ya je kotu ya yi rantsuwa aka turo mana. Shaidar haihuwa kuwa babu, abin da muke da shi katin rigakafin babbar daga wani ƙaramin asibitin kuɗi, da hotunan suna, da ungozomar da ta yarda ta zo ta ba da shaida duk da ita ma ba ta da igama. Allah ya saka wa Inna ungozoma da alheri, ta taho da sandarta ta zauna a rana tare da mu. Wata baiwar Allah da ke bayanmu, mijinta an kore shi shekara biyu da suka wuce, ga yara uku, babu ko kati ɗaya. Mun baro ta tana jiran a yi musu gwajin jini don tabbatar da cewa nata ne. Duk wadda ta haihu a can ba takarda, ta adana komai: katin allura, rasit na asibiti, hoton jariri da kwanan wata. Ranar da za a nema, ƙaramar takarda tana yin aikin da kuɗi ba sa yi.

Da takardun suka kammala sai Shumaisi, cibiyar da ke kan hanyar Jidda zuwa Makka, inda sashen baƙi yake. Tunda takardar gaggawa sabuwa ce, babu hatimin shiga a jikinta, dole jawazat su nemo shigarka a kwamfuta su haɗa da ita, sannan su ba ka izinin fita. Mun hau motar haya riyal 20 kowane babba, muka isa kafin bakwai na safe. Maza layinsu daban, mata da yara daban, don haka a raba takardu tun a mota, kowa ya riƙe nasa, kuma a raba ruwa da abinci. Mu ba mu yi haka ba, kwafin takardun yara ya tafi a aljihuna, sai da wani ma'aikaci ya taimaka ya miƙa mata. A nan ne na san darajar abin da ake kira rakamul hudud, lambar shiga ƙasa. Lamba ce mai alƙaluma goma da jami'in filin jirgi yake rubutawa da biro a fasfo, kusa da biza, ranar da ka sauka. Mafi yawanmu ba mu taɓa lura da ita ba. Maiɗakina tata na nan a tsohon fasfo, cikin awa uku ta gama. Ni kwafin da nake da shi na shafin farko ne kawai, babu lambar, sai aka koma neman ta da basma, wato hoton yatsa.

Na ɗora yatsu a na'ura ta ƙi karantawa. Shekara bakwai na allura da almakashi da guga sun cinye zanen yatsuna. Jami'in ya sa na goge hannu na sake, har sau biyar, sannan ya ce in dawo. Wani ɗan Sudan mai aikin gini da ke kusa da ni ya ce shi ma haka siminti ya yi masa, ya ba ni shawara in bar aiki kwana biyar ina shafa man kaɗanya ko basilin dare da rana. Na bi, na koma ranar Alhamis, yatsa uku suka fito. Sai wata matsalar ta ɓullo: a kwamfutarsu sunana da harafin Larabci an rubuta shi yadda ejan Umara ya shigar, sunan mahaifina ya zama nawa, na kakana ya ɓace, shekarar haihuwa kuma ta bambanta da ta takardar gaggawa da shekara biyu. Sai da na koma ofishin jakadanci aka ba ni wasiƙar cewa mutum ɗaya ne. Wannan ya ƙara mako guda. Da tun farko na cike fom da sunan daidai yadda yake a tsohon fasfo, harafi da harafi, da ban sha wannan ba. A zuwa na uku aka buga mini hurujin, wato izinin fita. Ban biya ko riyal ɗaya a Shumaisi ba, kuma babu wanda ya tsare ni. Na faɗi haka ne don tsoron kamu shi ya hana mutane da yawa zuwa, alhali muddin wa'adin afuwa bai ƙare ba, da ƙafarka ka shiga da ƙafarka za ka fito.

Kafin nan azumi ya kama, ranar 27 ga Mayu, ofisoshi suka rage lokacin aiki, zafi ya tsananta, kujerun jirgi suka yi wuya saboda masu Umara. Wanda ya gama a Afrilu ya sayi tikiti da sauƙi. Mu tikitin zuwa kawai, Jidda zuwa Kano ta Adis Ababa, ya tsaya mana riyal 5,300 mu huɗu. Kada a sayi tikiti kafin huruji ya fito, na ga waɗanda suka yi haka ranar tafiya ta zo takarda ba ta fito ba, kuɗin ya tafi. Kuma a tabbatar sunan da ke tikiti shi ne na takardar gaggawa. Kayan ɗaki kuwa a lokacin kowa sayarwa yake, babu mai saye: na'urar sanyaya ɗaki da na saya 900 na bayar a 150, keken ɗinkina guda na kwance kansa na sa a akwati, ɗayan na bar wa maƙwabci. Mai shagon da nake wa aiki yana riƙe da ladana na wata uku, ya ba ni na wata ɗaya ya ce sauran sai Allah ya hore. Ya san ba ni da inda zan kai shi, kuma ya san ranar tafiyata. Wanda ke bin wani kuɗi ya fara karɓa tun kafin a ji zai tafi.

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz mun isa awa shida kafin tashi, kuma hakan ya yi amfani, don masu takardar gaggawa ana sake duba su da yatsa a wurin jawazat. Gabana ya faɗi da na ɗora hannu, amma ta karanta. Wani da ke gabana aka mayar da shi saboda tarar hanya da ke kan sunansa tun yana da igama, ya tafi neman inda zai biya jirgi ya tashi ya bar shi. A Kano jami'an shige da fice suka karɓi takardun gaggawar suka riƙe, don aikinsu ya ƙare, suka yi mana 'yan tambayoyi muka wuce. A yi kwafinsu kafin a hau jirgi. Kwafin nan ne kaɗai shaidar hukuma ta farko da ke ɗauke da sunayen 'ya'yana, da shi na yi rantsuwar shekaru a kotu, na nema musu takardar haihuwa, aka ɗauke su a makaranta. Da na tashi yin sabon fasfo kuma, tunda sunana na cikin kwamfuta tun fasfon farko, ba a sabon mai nema na shiga ba, sai da na kawo rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu cewa na farkon ya ɓata.

An ƙara wa'adin afuwar da kwana 30 daga ranar ƙaramar salla, aka sake ɗagawa, har zuwa tsakiyar Nuwamba da aka koma kame. Waɗanda suka dogara da cewa kullum za a ƙara, da yawansu ta tarhil suka dawo, da kayan jikinsu kawai, da hatimin korarre. Daga Yulin shekarar kuma aka sa wa masu igama harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, yana ƙaruwa duk shekara har ya kai 400 a 2020, wanda ya sa wasu masu takarda ma suka turo iyalinsu gida ko suka bar igamar yaran ta mutu. Daga ƙarshen 2021 aka rushe tsofaffin unguwannin kudancin Jidda irin su Karantina da Gulail, inda dubban mutanenmu suke fakewa. Wurin ɓuya yana ta raguwa.

A ganina afuwar ta yi adalci ga wanda ya bi ta, kuma ta fi kame amfani ga kowa, har ga ita gwamnatin, tunda mu muka biya kuɗin jirginmu. Inda take da rauni shi ne tana kwashe mutane ne ta bar abin da ya kawo su. Muddin akwai gidan da ke son mai aiki a rabin lada, da shagon da ke son tela marar bakin ƙara, da eja a gida da ke karɓar kuɗin gona yana cewa Umara ce kawai sai ka zarce, wasu za su maye gurbinmu. Kuma a ɓangarenmu babu wani shiri da ya tarbe mu. Mata da yawa da suka shekara ashirin suna ciyar da gidaje uku da aikatau sun dawo ba jari, waɗanda suke aika wa kuɗin kuma sun saba da karɓa, zumunci ya yi tsami. Idan na lissafa abin da na aiko gida a shekara bakwai, na cire kuɗin eja, da hayar sunan wasu, da ladan da aka cinye, da tikitin dawowa, abin da ya rage bai kai abin da abokin koyon ɗinkina da ya zauna a gida ya tara ba.

Ga wanda har yanzu yake can ba takarda, abin da zan ce ya yi tun yau, ko ba a sanar da wata afuwa ba: ya ɗauki hoton shafin farko na fasfonsa da shafin biza mai lambar shiga, ya tura wa mutum biyu a gida. Ya sa a nemo masa shaidar ƙaramar hukuma da ta aure a ajiye. Ya binciki ko akwai tara ko ƙara a kan sunansa. Ya ware kuɗin tikitin kowa a wurin da ba zai taɓa ba. In an sanar, ya je a makon farko, ya je da kansa, ya karɓi rasit na duk abin da ya biya. Mai yara kuma ya fara da nasu, don nasu ne ke ɗaukar lokaci. Babbar 'yata ta shiga aji ɗaya tana da shekara shida da rabi, Larabcin titi a bakinta, Hausarta a karkace, yara suna kiranta 'yar takari. Sai da ta yi zango biyu kafin ta yarda ta ɗaga hannu a aji. Ƙaramin har yanzu in ya ji jiniyar mota yakan ruga ɗaki ya rufe ƙofa, don haka muka koya musu a can.